Ƙoƙon Kawu Ila

Ku da kuka san Kawu Ila na Nahuce, kun san hannunsa ba ya rabuwa da aljihu. 'Ya'yan tsamiya arba'in ne a na dama. A gabansa ƙwarya ce cike da ruwa, ɗan ƙoƙo mai huda yana yawo a kai. In ƙoƙo ya cika ya nutse, tsulum, ƙwaya ɗaya ta koma hagu. In dama ta ƙare, ya buga tsohon kwano, ya mayar da su. Da haka yake raba wa mutum huɗu lokacin ban ruwa da jigo ɗaya a lambun bakin gulbi, shekara da shekaru ba faɗa.

Na taɓa kawo masa agogon hannu daga makaranta a Gusau.

"Kawu, ga abin da duniya ke aiki da shi."

Ya kara a kunne. "Yana shan ruwa?"

"A'a."

"To ina ya san ƙishirwar albasa?"

Ƙirgarsa kuwa ba ta bar kowa ba. Wani baƙo daga Tsafe na tsakiyar cin tuwo sai ya ji kwano, ƙwal! "Loma arba'in, Malam. In mayar da ƙwayoyin, ko ka ƙoshi?"

Hutun da idonsa ya fara hazo, ni aka zaunar in riƙa duba ƙoƙon. Wayyo! Ruwa na shiga kamar mai jin kunya, inuwar giginya na lilo a cikin ƙwarya, jigo na kuka a hankali, Kawu ya lumshe ido yana murmushi kamar yana wata duniya. Ni ban iya jira ba, kun sani. Na zaro allura na buɗa hudar.

Ƙoƙo ya riƙa nutsewa da wuri, rabon kowa ya ragu. Kwana uku albasa ta fara langaɓewa. Masu lambu suka ce tsufa ya kama Ila, ran Juma'a za su karɓe kwanon su sayi agogo. Ran Alhamis na je gabansu na ce, "Ni ce na buɗa hudar. Ku bar shi."

Kawu ya cire hula, ya zazzago ƙwaya shida.

"Tun nutsewar farko kunnena ya ji, Asabe. Kwanakinki nike ƙirga. Na ba ki goma, ashe ko a tuba gaggawa gare ki!"

Ya liƙe hudar da ƙaro, ya sake hudawa da ƙayar da yake ajiye da ita. Kwano bai bar hannunsa ba sai da ciwo ya kwantar da shi.

Da ya rasu bara, ni na ninke rigarsa. Ƙwaya ɗaya ta rage a aljihun dama. Ban mayar da ita hagu ba. Na shuka ta inda yake zama, kuma ga ni nan, ni Asabe, ina jira.

Allah ya jiƙan Kawu, ya zaunar da shi a bakin ƙoramar da ba a raba ruwanta da ƙoƙo. Amin.