Ɗakin da Hammajo Ya Cika da Sunaye

Shekara ashirin da takwas ke nan da muka binne ƙanena Hammajo. Mota ce ta faɗi da su a hanyar Wukari. Ni ban yi makaranta ba. 'Yarsa Maryam ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata kada ta ƙara gishiri.

Hammajo mai zanen allon shago ne a unguwar Yelwa, cikin Jalingo. Aski, ɗinki, gyaran rediyo, duk wanda ya buɗe shago a unguwar shi ke zana masa. Da Jalingo ta zama babban birnin jiha, aka shirya baje kolin zane-zane a wani babban zaure, aka gayyaci masu zane na kusa da na nesa. Kowa ya ɗauka Hammajo zai kai hoton shanu ko na dutse. Sai ya ari rakoda, ya sayi kaset, ya shiga bin gidaje.

Ga abin da yake nema. A gidajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Kunya ce, haka muka tashi muka gani. Ni ce 'yar farin Inna. Tun ina goye har na yi furfura, "ke" take ce min, in kuma zancena take da wani sai ta ce "yayarku." Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, Inna na gefena tana riƙe da hannuna, amma sunana bai fito daga bakinta ba. Hammajo ya ce zai roƙi iyaye mata su faɗi wannan sunan sau ɗaya, ya ɗauka a kaset.

An kore shi a gidaje da yawa. Wata tsohuwa a Kona ta bi shi da muciya. Wata Mama Talatu a Nukkai, Mumuye ce mai zuwa coci, ta ce masa: "Mu ba mu da wannan kunya, yarona. Amma akwai suna da bakina ya daina kira." Ta faɗi sunan ɗanta da ya tafi kudu neman aiki bai dawo ba. Shi ma ya ɗauka.

Wata rana ya same ni ina tuƙa tuwon sayarwa a tasha, ya tsuguna kusa da murhu.

"Adda, Inna ta faɗa."

"Ta faɗi me?"

"Sunanki. Zo ki ji."

Na ce masa: "Ka tsare tsohuwa ka sa ta tuɓe kunyarta, yanzu za ka kai kasuwa mutane su kalla? Tashi ka ba ni wuri, hayaƙi ma ya ishe ni."

Ya yi dariya ya ce tuwona ya fi ni taushi. Ya ci malmala biyu ya tafi.

A wurin baje kolin, masu shiryawa suka rasa inda za su sa shi, domin ba shi da abin ratayewa a bango. Suka ba shi ɗakin ajiye kujeru. Ya share, ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye rakodar a cikin ƙwarya. Dokarsa biyu: a cire takalmi, a shiga ɗaya-ɗaya. Wasu sun leƙa sun ce ina zanen. Wasu sun yi masa dariya. Amma na ga wani babban ma'aikaci da babbar riga ya shiga yana taunar goro, ya fito yana neman inda zai ɓoye fuskarsa. Na je, na tsaya a bakin ƙofa da takalmina a ƙafa, na juya. A ganina a lokacin, abin da Inna ta riƙe tsawon rayuwarta ba na zaure ba ne. Har yau ban ce na yi kuskure ba.

Bayan shekara ɗaya Hammajo ya rasu. Inna ba ta daɗe ba ta bi shi.

Yanzu Maryam ta girma, ita ma aikin nan take yi, amma a kwamfuta. Ta ce irin abin da babanta ya yi yau har ƙasashen waje ake gayyatar mutum ya nuna. Ta juye kaset-kaset ɗin a na'ura kafin su lalace, tana so ta sa a intanet, duk mai waya ya ji. Ina tambayar kaina me Hammajo zai ce. Zai yi murna an daina tambayarsa ina zanen. Amma ina ganin yara a keke napep, suna jan yatsa a kan waya, wannan ya wuce, wancan ya wuce. Wa zai cire takalmi? Muryar Mama Talatu za ta faɗo tsakanin waƙa da tallan sabulu.

Na faɗa wa Maryam haka. Ta koma gidajen ɗaya bayan ɗaya tana neman izinin 'ya'ya da jikoki. Wasu sun yarda, wasu sun ƙi, ta cire nasu. Saura sunana.

"Goggo, ba zan sa ba sai kin ji. In kin ce a'a, shi ke nan."

Na ce ta ajiye wayar a ƙwarya ta fita. Na cire takalmi.

Sai muryar Hammajo, yana lallashi: "Inna, sau ɗaya tak." Kaza na kuka a tsakar gidanmu na da. Inna ta yi gyaran murya, ta ce a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai: "Habiba." Ta sake: "Habibata." Sannan ta daka masa tsawa: "Kashe abin nan, marar kunya!"

Allunan da ya zana duk ruwa da rana sun cinye su, shagunan ma an rushe. Wannan aikin ne ya rage, kuma Hammajo shi ya san me ya sa ya yi.

Na ce wa Maryam ta sa tsawar, duniya ta ji Inna ba da son ranta ta yi ba. Sunan kuwa nawa ne, ya zauna a gida.

Ta ce daga waje ta ji na yi magana, ta tambaye ni me na ce. Me zan ce? Uwata ta kira ni. Na ce na'am.

Allah ya jiƙan Hammajo, ya jiƙan Inna.