Kar-a-Sauke da Motar da ke Shan Baƙin Mai a Ɓoye

"To in ba kai ba, wa? Aljani ne ke shanye min baƙin mai?"

Mai Biredi ne ke wannan hargowa a tsakiyar gareji, yana nuna direbansa da makullin mota. Direban kuwa ba bare ba ne, ƙanin matarsa ne, magidanci mai 'ya'ya. Ya tsaya da hula a hannu, kai a sunkuye.

"Yaya, wallahi ban taɓa..."

"Kar ka ce min Yaya! An cika mata mai, an jima kaɗan geji ya nuna ƙasa. Kwali na shimfiɗa mata ta kwana a kai, ko ɗigo babu. Ba ta zubarwa, ashe zuƙewa ake yi a sayar. Yau za ka je ka gaya wa yayarka da bakinka dalilin da na kore ka."

Duk wannan abu, mai garejin na zaune a kan tsohuwar kujerar mota da ya mayar ta zama, yana hura shayinsa. To shi ne mutumin da na ɗauko biro dominsa, don ƙarshen watan nan zai ajiye sifana, gwiwoyi sun ce sun gaji. Sunansa a bakin kowa Kar-a-Sauke.

Tagar ɗakina na kallon ƙofar garejin. Ba leƙe nake yi ba, magina ne suka sa ta a nan. Tun gashinsa na baƙi nake ganinsa. Da safe zai share wurin, ya rataye sifanu a bango, babba na bin ƙarami kamar 'yan makaranta. Sannan ya ɗauko sabulu ya wanke hannu tas. Sauran makanikai sai an tashi aiki suke wankewa, shi kafin ya fara. Ya ce tafin hannunsa ne babban kayan aikinsa, ba ya ɗora shi a kan inji da datti.

Sunan kuma ga inda ya samo shi. Mota ta fara shan baƙin mai, ko'ina ka kai ta magana ɗaya ce: a sauke inji, a canza ringin fistin. Shi kuwa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kar a sauke. Bari mu ji numfashinta tukuna." Direban motar makaranta shaida ne. An riga an yanke wa injinsa hukunci, yara za su koma tafiya a ƙasa. Kar-a-Sauke ya ciro wani ɗan bututu da ya toshe da dauɗa, ya wanke, ya hura, ya mayar. Motar na nan har yau tana damun mu da hon. Ungozomar layinmu ma haka aka yi da motarta, ita kam har kuka ta yi masa don murna, ya rasa inda zai sa kansa, ya shige ƙarƙashin wata mota ya ƙi fitowa sai da ta tafi.

Matarsa ta taɓa gaya min, kuma ba ta ce kar in faɗa ba, wai ko zazzaɓi take yi sai ya ɗora mata tafin hannu a ka, ya karkata kunne, ya ce, "Kar a kai asibiti tukuna." Ta ce masa, "Malam, ni ba bas ba ce."

Mu koma kan Mai Biredi. Da shayi ya ƙare, Kar-a-Sauke ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Ɗana, tayar da ita," ya ce wa direban. Ya juya ga mai motar. "Ranka ya daɗe, zo ka buɗe min murfin da ake zuba baƙin mai."

"Ni? Ga direba?"

"Ai ka kore shi."

Mai Biredi ya naɗe hannun riga, ya murɗa, ya ja. Murfi ya ƙi tasowa. Ya sake ja har jijiyar wuya ta fito, sai ga shi ya ɓalle da wani tsotso, inji ya hau rawa yana fito kamar butar shayi. Kar-a-Sauke ya ɗora tafin hannunsa a bakin ramin, ramin ya kama shi ram. Ya ce Mai Biredi ma ya sa nasa. Ya sa, ya fizge da sauri yana salati.

"Inji ma numfashi yake," in ji Kar-a-Sauke. "Duk bugun fistin, akwai tururin da ke sulalewa ƙasa, inda baƙin mai yake kwance. Dole a ba shi hanyar fita. Akwai wani ɗan bawul da ke tace shi, mai ya koma ƙasa, iskar ta wuce a ƙone ta. Ita kuma taka, wannan ƙaton ƙarfen da ke zaune a saman injin, sufacaja, shi ke cusa mata iska da ƙarfi, shi ya sa take zabura in an taka. Robar bawul ɗin ta yage, zuƙar ta zama ba birki. Tana jan tururi, tana jan mai, duk cikin wuta."

"To ina hayaƙin?"

"Ka taɓa tsayawa a bayanta tana tashi? Kullum kana kujerar baya kana waya."

Da ni ya tambaya, da na nuna masa zanen da na shanya ranar da suka tayar da ita a ƙofata.

Har bayan azahar suna kwance ƙarfen nan, Kar-a-Sauke da direban da aka kora, don Mai Biredi ya ce ba zai gusa ba sai ya gani da idonsa. Da aka ɗaga, Kar-a-Sauke ya kamo yatsan Mai Biredi, mai zobe, ya tsoma a hanyar da iska kaɗai ya kamata ta bi. Yatsa ya fito yana ɗigar baƙin mai.

"Ga ɓarawonka," ya ce, ya ɗora masa yagaggiyar roba a hannu.

Kai ne, Kar-a-Sauke, ba ka yanke wa inji hukunci sai ka saurare shi, ba ka kuma yarda a yanke wa mutum a gabanka. Kai ne mai hannu baƙi da aiki fari. Ranar nan ba mota kaɗai ka gyara ba, ka mayar wa magidanci sunansa, zai shiga gidan yayarsa da hula a ka. Mun gode, Allah ya hutar da gwiwoyin nan. Ku kuma masu tasowa, makanikai da masu motoci da masu saurin baki irina, ku koyi ɗora hannu ku ji kafin ku ce a sauke.

Sai dai Kar-a-Sauke bai bar zancen a nan ba. Mai Biredi ya goge yatsa, ya ce a sa sabon bawul a rufe masa mota. Kar-a-Sauke ya koma kujerarsa ya harɗe.

"Ba na rufe ta da magana a buɗe. A nan ka kira shi ɓarawo, layin nan kaf ya ji. A nan za ka janye."

Mai Biredi ya kalli ƙasa, ya kalli sama. "To... ba kai ba ne."

"Ban ji ba. Kunnen ya tsufa."

"Na ce ba shi ba ne!"

"Ba ni ka zaga ba, ranka ya daɗe. Ga shi can."

"Ba kai ba ne! Ka yi haƙuri! Ka riƙe makullinka! Shi ke nan ko?"

"Na haƙura, Yaya," in ji direban, yana danne dariya. "In samo maka tasi?"

Mai Biredi ya cilla masa makulli, ya tattare riga, ya fice a ƙasa, ya bugo ƙofar garejin har sifanu suka yi rawa a bango.