Kwalin Malam Ina-Aikinka

Shekara goma sha tara ke nan ina buga takardu a ofishin ƙaramar sakandarenmu, ban taɓa ganin wanda aka raina kamar malamin lissafin aji uku ba. Dogo ne siriri, rigunansa uku, duk alli ya cinye bakin aljihunsu. Yara na kiransa Malam Ina-Aikinka, domin ko amsarka daidai ce sai ya tura tabarau goshi ya ce, "Na ga amsa. Ina aikinka?"

Ita kuwa jarrabawar jiha ba ruwanta da aikin kowa. Tambaya sittin ce, ka cike gurbi da fensir, inji ya duba. Sauran malamai tambayoyin baya suke ɗura wa yara har su haddace. Shi ko, duk Alhamis in an gama gwaji, sai ya bi benci-benci yana tsintar takardun da yara suka yi ƙazamin lissafi a kai suka dunƙule. Ya warware su a cinyarsa, ya sa suna a kusurwa, ya ɗaure na kowane yaro da zare. A nan yake gane ciwon kowa: wannan tana manta abin da ta aro in tana ɗebewa, wancan ya iya komai amma rabawa daga dama yake farowa. Ɗakin malamai na yoyo, don haka a ofishina yake ajiye su, bayan ƙofa, cikin wani kwali mai kauri mai hannu biyu.

A taron farkon zango shugaban makaranta ya ce masa, a gaban kowa, "Malam, bana in rabin ajin ba su ci ba, ka bar aji uku." Ni nake rubuta bayanin taron, har biro ya huda takarda. Mutumin da sai ya kira ni in raba masa kujeru aji-aji, shi ke gindaya wa malamin lissafi sharaɗi.

Saura mako uku jarrabawa aka ce masu duba makarantu na tafe, kowa ya gyara ofishinsa. Zan iya cewa ban san abin da ke cikin kwalin ba, amma ƙarya ce. Na sani sarai. Haushinsa nake ji, don kullum sai na ɗauki jaka zan tafi yake kawo mini aiki, da rubutunsa kamar tafiyar kaza. Ga ɓeraye sun fara zuwa. Kuma, in faɗi gaskiya, kwalin ya shiga idona. Na juye takardun a ramin da ake ƙona shara, na tura kwalin ƙarƙashin teburina, na zuba tawadar inji da takalmina na ruwan sama a ciki.

Washegari ya shigo ya leƙa bayan ƙofa.

"Uwar ofis, ina dukiyata?"

"Masu shara sun kwashe, Malam. Ni ma ba na nan."

Ya ɗan tsaya yana duban ƙasa. "To," ya ce, "yaran nan dai sun ci wuta tun kafin jarrabawa." Ya yi 'yar dariya shi kaɗai, ya fita.

Daga ranar bai ƙara zama a ɗakin malamai ba. Lokacin tara sai ya fitar da benci baranda, ya kira yara ɗaya bayan ɗaya: "Yi mini wannan ina kallo." Aikin wata bakwai yake son maidowa a kwana goma sha biyar. Ta tagata nake hango shi, shayinsa na hucewa a gefe. Yara ɗari da ashirin ne. Ya kai saba'in da wani abu, kwanaki suka ƙare.

Ni na buɗe sakamakon, ni na ƙirga. Hamsin da takwas suka ci. Na sake ƙirgawa da yatsa har sau uku, biyun nan ba su fito ba.

Aka mayar da shi aji ɗaya. Wani uba ya zo tagar ofis yana cewa dama tsohon ya gaji, na wanke shi tas har mai gadi ya zo ba da haƙuri. Malamai suka yi ta yabona, wai ni ce mai kishin Malam. Ni na san abin da ke sa bakina kaifi.

Da aka dawo hutu ya kawo mini gwajin 'yan aji ɗaya, kamar kullum ina ɗaukar jaka. Na ajiye ta, na jawo kwalin, na zazzage kayana a ƙasa.

"Malam, ba masu shara ba ne. Ni ce."

"Na sani," in ji shi. "Tun ranar na ga hannun kwalin a ƙarƙashin teburinki. Ƙafarki ba ta kai ta rufe shi ba."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Da na yi magana toka za ta koma takarda? Kuma ke kike buga mini gwaji, da wa zan yi faɗa?"

Sai na yi tambayar da ta hana ni sakat duk hutun. "Da takardun na nan, da biyun nan sun ci?"

So nake ya ce a'a. Duk wani mai tausayi a'a zai ce. Amma shi bai iya ba da amsar da bai yi aikinta ba. Ya tura tabarau goshi, ya shiga lissafi.

"Akwai wajen biyar da ban kai kansu ba, waɗanda abu ɗaya tak ke kayar da su. Da na gyara uku, ina jin."

Ya ɗauki kwalin ya buga gindinsa, ƙura ta fita, ya mayar da shi bayan ƙofa.

"Alhamis akwai gwaji, uwar ofis. Kofi arba'in da biyu."

Na zauna na buga masa a take. Kwalin na nan, ya kusa rabi da takardun 'yan aji ɗaya. Ni nake share gefensa da kaina, kuma na sayo tarkon ɓera.