Baffa Awadalla da Tambayar Ƙananan Kifi

Baffa Awadalla yana riga kowa isa bakin jirgi. Daga masallacin asuba yake wucewa, da jallabiyar da ta daɗe da daina zama fara, da 'yar butar gahawarsa ta yumɓu a naɗe cikin tsumma. Zai latsa kwale-kwalen roba da gwiwa ya ji ko iska ta ragu. Zai buɗe tankin fetur ya leƙa, don bai taɓa yarda da allurar da ke nunawa ba. Sannan ya zauna ya soya 'ya'yan gahawa a gwangwani, ya daka su da citta, ya sha ƙananan kofi uku yana kallon ruwa. Ba a yi masa magana kafin na ukun.

Shekara talatin da huɗu yana haka a gaɓar tekun garin Marsa Alam. Alhamis da ta wuce ya yi ranar aikinsa ta ƙarshe. Yanar ido ta rufe masa na dama, na hagu ma ya fara, kuma shi da kansa ya je ya gaya wa kyaftin kafin wani ya lura.

Aikinsa ba shi da wuyar faɗa. Babban jirgi yana ɗaure a kudancin wani dutsen murjani da ke ƙarƙashin ruwa. Shi yake ɗaukar masu nutso a ƙaramin kwale-kwale ya kai su ƙuryar arewa, su faɗa ruwa da baya, ya bi kumfar numfashinsu daga sama har su fito, ya ja su ciki ɗaya bayan ɗaya. Baƙi suna komawa ƙasashensu da sunan jagoran da ya nuna musu shak, ƙaton kifin nan mai cin nama. Ba sa komawa da nasa. In ya fito a hotunansu, gwiwar hannu ce ko gefen rawani.

Bai taɓa nutso ba. Kunnensa ya fashe tun yana saurayi mai kamun kifi, likita ya hana. Duk abin da ya sani game da ƙasan ruwa, daga bakin mutane ya tara shi, da tambaya guda ɗaya. Mutum zai fito yana haki, yana ihun ya ga shak mai kan guduma, ko ƙatuwar ƙififiya, ko garken dolfin masu tsalle a saman ruwa. Baffa zai karɓi tukunyar iskarsa, ya gyaɗa kai, ya ce: "Madalla. Ƙananan kifin ina suka fuskanta?"

Yana nufin jajayen nan masu tsawon yatsa da ke tsaye dubbai a jikin murjani. Kullum kawunansu na kallon inda ruwa yake tahowa, don ta nan abinci ke zuwa musu. Ruwan sama da na ƙasa kuma ba koyaushe suke tafiya tare ba. Jagorori sun saba da tambayar, suna amsa ta kamar sallama. Wasu suna kwaikwayonsa a bayan idonsa.

Kyaftin Shazali, wanda ya yi shekara ashirin tare da shi, ya ba ni labarin wani mai jirgi da suka taɓa yi wa aiki. Mutumin ya ce a riƙa zuba ragowar kaji a ruwa don shak ya matso baƙi su samu hoto. Baffa ya cire igiyar tayar da inji, ya naɗe ta, ya zauna a kanta. Ya ce kifin da aka koya wa cewa jirgi yana ba da abinci, wata rana hannun mutum zai kai wa baki, kuma shi ba zai ja rabin mutum ya sa a kwale-kwalensa ba. An kore shi ranar. Bayan mako guda aka aika a kira shi, don babu jagoran da ya yarda ya shiga ruwa ba Baffa a sama.

Wannan na ji ne. Abin da na gani da idona shi ne na gaba.

Na dawo gida shekara huɗu da suka wuce, bayan shekara tara ina karatun halittun teku a arewacin Birtaniya. Aikina ƙirga shak. Na zo da kyamara, da agogon nutso mai tsada, da jadawalin da ke faɗin inda ruwa zai ja a kowace sa'a. Baffa ya san ni tun ina yawo ba wando, amma daga ranar da na dawo bai kira ni da wani suna ba sai Dokta. Ƙanwata Rabab kuwa jagora ce a jirgin. A nan ta koya, ba ta je ko'ina ba, kuma ta fi ni iya ruwa. Ban faɗi haka a lokacin ba.

Ranar da abin ya faru, mun shiga rukuni biyu. Ni na fara da baƙi uku da ƙarfe bakwai da rabi. Rabab ta biyo baya da wasu mata da miji. A ƙuryar arewa na ga shak masu kan guduma bakwai, na ɗauke su a kyamara. Sai ɗaya daga cikin baƙina ya firgita, hancinsa ya fara jini, dole muka fito da wuri.

Baffa ya ja mu ciki. Ya ce, "Ƙananan kifin ina suka fuskanta?"

Na ce, "Bakwai na gani, Baffa. Bakwai."

"Na ji. Ƙananan fa?"

"Ban duba ba. Kai mu jirgi, mutumin nan ba shi da lafiya."

Ya dubi baƙon, ya dubi kumfar su Rabab da ke tasowa can gefe. Ya ce, "Jinin hanci ne, Dokta. A ba shi tsumma. Ba na barin kumfa."

Na ce masa minti goma ne zuwa da dawowa. Na ce jadawali ya nuna ruwa kudu yake ja, su Rabab a gindin babban jirgi ma za su fito. Na ɗaga murya, a gaban baƙi, da Turancin da na san bai iya mayarwa ba. Ya tayar da inji.

Da muka dawo babu kumfa. Iska ta tashi, ruwa ya yi fari-fari, ba a rarrabe komai.

Muka jira lokacin da iskar tukunyarsu ya kamata ta ƙare. Ba su fito ba. Kyaftin Shazali ya kwance babban jirgi ya yi kudu, ni da Baffa muna gaba a kwale-kwale. Kudu iska ke kaɗawa, kudu jadawali ya ce, kudu hankali ya ce. Sa'a guda muna sama da ƙasa. Rabab tana da doguwar jar balan-balan da ake hurawa a ɗaga in an ɓata. Duk jan abin da na hango, ledar shara ce.

Ba zan bayyana abin da ke cikina ba. Na dai tuna cewa da safen nan Ummanmu ta ɗaure mana gurasa da wake ta ce in kula da yarinyar, ni kuma na ce mata yarinyar ba ta bukata.

Wajen ƙarfe tara da rabi Baffa ya kashe inji. Ya miƙo hannu.

"Ba ni akwatin hoton nan."

"Yanzu? Yanzu za ka kalli shak?"

"Kai ka kalli shak. Ba ni."

Na kunna masa. Ya rufe mu da rawaninsa don hasken rana. Ga manyan kifin suna wucewa a tsakiyar hoton, ko kallonsu bai yi ba. Ya sa babban yatsansa a ƙasan kusurwa, inda murjani ya ɗan shigo.

"Ina ka fuskanta kana ɗauka?"

"Arewa."

"To duba."

Dubban jajayen kifi ne a wurin, dukkansu kawunansu hagu. Jelarsu na kaɗawa da sauri, kamar masu gudu ba sa gaba. Hagu yamma ce. Ruwan ƙasa daga yamma yake tahowa da ƙarfi, yana tura komai gabas, tsakiyar teku. Na riƙe kyamarar nan minti shida a gabansu ban gan su ba.

Baffa ya yi lissafinsa a fili, da yatsu. Ya ce Rabab ba ta da gaggawa, ba za ta fito da baƙi da sauri ba, za ta tsaya a hanyar hawowa sama yadda aka koya mata. Duk tsawon wannan lokaci ruwan ƙasa yana kai su gabas. Da sun fito sama, iska ta karɓe su ta yi kudu. Ya kira kyaftin a rediyo ya ce, "Shazali, kana neman su a layin da ba su taɓa takawa ba. Tsaya nan ka zama alama."

Ya yi gabas. Rana tana gabanmu, ruwa yana walƙiya, ba na ganin ko tsawon igiya. Na ce ya rage gudu kada mu wuce su.

Ya ce, "Wuce su nake so in yi."

Ya yi ta tafiya har babban jirgi ya koma kamar ƙwayar shinkafa. Fetur ya kusa rabi. Sannan ya juya, rana ta koma bayanmu, teku ya buɗe kamar an share gilashi. Ya riƙa tafiya kaɗan, ya kashe inji, ya juya kunnensa mai lafiya wajen iska. Ya tayar, ya ƙara gaba, ya kashe. A karo na biyar ya ɗaga yatsa. Ni ban ji komai ba. Sai can na ji usur ɗin Rabab, siriri.

Sha ɗaya saura muka same su. Su uku a tsaye cikin ruwa, baya da baya, Rabab ta ɗaure su wuri guda da igiyar balan-balan. A ƙarƙashinsu wani shak mai farin bakin fiffike yana zagaye a hankali, irin na tsakiyar teku da ba ya jin kunyar mutane. Daga baya ta ce ya fi sa'a yana tare da su. Duk sanda ya matso sai ta sa fuska a ruwa ta kalle shi ido cikin ido, ya kauce.

Baffa ya sa kwale-kwale tsakaninsu da shi. Matar muka fara ja, sai mijin, wanda ya rungume tankin fetur yana kuka. Rabab ta shigo ƙarshe. Leɓɓanta sun tsage.

Ta ce, "Baffa, ka yi latti."

Ya ce, "Na tsaya ɗaukar darasi wajen Dokta."

Ya ba ta ruwa. Ya jira ta sha. Sannan ya ce, "Ƙananan kifin ina suka fuskanta?"

Ta sunkuyar da kai. "Yamma. Na gani, Baffa. Na ce minti biyu kawai, su samu hoto."

"Kin ga ke kin fi yayanki laifi. Shi makaho ne, ke kuwa gani kika yi."

Ta yi dariya, dariyar ta koma wani abu daban, ta kifa kai a gwiwata. Baffa ya ja igiyar inji, ya ce a matsa gaba kwale-kwale ya daidaita.

Bai sake tayar da maganar ba. A rahoton da kyaftin ya rubuta, an ce ma'aikatan jirgi sun gano su. Ummanmu ba ta sani ba har yau, kuma duk wanda ya karanta mata wannan, shi da Allah.

Baffa Awadalla, kai ne wanda na yi wa tsawa a gaban baƙi, ka bi umarnina don kada ka kunyata ni, sannan ka je ka gyara ɓarnar ba tare da ka ce ai ka faɗa ba. Kai ne mai tsaron kumfa. Shekara talatin da huɗu, duk wanda ka zuba a ruwa ka dawo da shi. Ban san jagora ko kyaftin ko mai digiri a gaɓar nan da zai iya faɗin haka ba. Ka haddace dutsen da ba ka taɓa gani ba, ta hanyar tambayar abin da kowa ya raina.

Ranar Alhamis ɗin nan ta ƙarshe, shi ya kai mu. A ƙuryar arewa wani shak mai ɗigo-ɗigo, wanda ya fi kwale-kwalen tsawo, ya wuce ta samanmu. Shekara huɗu ina jiran irinsa. Na fito, na kama igiyar gefe, na tofar da abin numfashi. Baffa ya sunkuyo ya karɓi tukunyata, yana juya kai don ya same ni da idon hagu.

Na ce, "Arewa maso yamma. Ba ƙarfi sosai."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ka gama karatu, Dokta. Shigo."

Na gode, Baffa. Rabab ta gode. Allah ya sa aikin idon da za a yi maka ya yi kyau, ya ba ka hutu mai tsawo da gahawa mai citta.

Ku kuma direbobin da za ku karɓi kwale-kwalen, Baffa yana nan a shagon shayin da ke bakin tasha kowace la'asar. Ku je ku zauna kusa da shi. Kada ku bar kumfa, ko wane ne ya ɗaga muku murya. In mai nutso ya fito yana ihun shak, ku taya shi murna, ku karɓi tukunyarsa, sannan ku tambaye shi ƙananan.