Baba a Cikin Kwamfuta

Sojoji sun koma bariki, 'yan siyasa sun zo da alƙawura baki cike, amma masaƙar da Baba ya tsufa a cikinta aka garƙame ta. Duk da haka kullum da safe sai ya goge takalmi, ya hau keke daga Romi zuwa Kakuri, ya tsaya a bakin get ɗin masaƙar ko za a buɗe. Mama ta yi faɗa har ta gaji, ta koma kai ƙara wurin Allah a coci. Ni kam haushi yake ba ni.

A lokacin ina koyon rubuta shafukan intanet a wani shago, wurin wani malami ɗan Binuwai mai gumi ko da fanka a kansa. Tsarinsa shi ne kowa ya ɗauko mutumin gidansu ya gina shi a kwamfuta: a ba shi suna da shekaru, sannan a rubuta masa ayyukan da ya iya, waɗanda malam ke kira metod, kowanne da maɓallin kiransa. Na ɗauki Baba. Na ba shi gaisuwa, na ba shi saƙa. A cikin saƙa na rubuta ya kunna injinsa, amma inji ban sa masa ba, tunda ba shi da shi.

Wata rana Baba ya biyo ta shagon daga get, wai ya ji 'yarsa ta sa shi a kwamfuta. Ya danna gaisuwa, allo ya ce sannu da aiki, ya yi dariya har da buga cinya. Ya danna saƙa, sai ga saƙon kuskure. Ya tambayi me ya faru. Malam, wanda bai san halin gidanmu ba, ya leƙo ya duba.

"Baba, aikin yana nan daidai. Injin ne ya nema bai samu ba. Ko sau nawa ka kira shi, amsar ke nan."

Baba ya sake dannawa. Sannan ya yi godiya, ya tafi yana tura keken.

Washegari bai fita ba. Mama ta gode wa Allah, ni ma na ce mun huta. Amma zaman ya ci gaba: ya daina aski, ya daina gardamar labaran rediyo, tayoyin keken suka sace a jingine. Tsoro ya kama ni. Na je na ƙirƙira masa inji a shafin, na dawo na ce yanzu saƙar tana yi, ya zo ya gani.

"Ai na gani, 'yata," ya ce.

Na goge masa takalman na ajiye a bakin ƙofa. Suna nan har Mama ta ɗauke su don ta yi shara.