Gaisuwar da Ta Kori Turai

Na fara ganin Turai Maharazu ranar Talata, 12 ga Maris, 2013, a wani ƙaramin asibitin GP, wato na likitan unguwa, da ke unguwar Small Heath a ƙasar Turawa, inda nake aikin akawu. An kira ta ne saboda gwaji biyu a jere sun nuna ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ta ƙi barin bakin mahaifarta.

Da na ga sunanta, murna ta sa na yi mata Hausa. Na tambayi garinsu da unguwarsu, har na gano ajinmu ɗaya da mahaifinta a firamare.

"Ashe 'yata ce! Ki gaishe min da Alhaji," na ce, alhali fayil ɗinta yana buɗe a gabana.

Ta sunkuyar da kai. "Zai ji, Baba."

Ba ta sake dawowa ba. Na aika mata wasiƙa uku, sannan na cire sunanta daga layin masu jiran ganin likita, kamar yadda asibitinmu yake yi a shekarun da gwamnati take tsuke bakin aljihu.

Bayan shekara biyu ta gaya wa matata cewa Manchester take zuwa, wajen wata mai maganin gargajiyar China, tana karɓo saiwoyin da aka ce suna ƙarfafa garkuwar jiki. "Ita dai ba ta san babana ba," in ji ta. Har yau kunya ta hana ni ba ta haƙuri.

Ƙwayar ba ta tafi ba. A 2015 likitoci suka yanke wurin da ya fara lalacewa kafin ya zama ciwon daji. Yanzu tana zaune a unguwar Fallowfield ta Manchester, tana koyar da lissafi.