Azumin Jaratu

Jaratu tela ce, 'yar Garwa. Jirgin ƙasa ya kawo ta Yaoundé tana amarya, mijin ya rasu ya bar mata keken ɗinki da 'ya'ya, ta zauna. Gidanta yana unguwar Nkomkana, shagonta yana unguwar Briqueterie, a ƙasan benen Alhaji Mohaman Bello. Ƙasan benen shaguna ne, samansa ofisoshi. Hausarta tana da gishirin Fulatanci, kuma ba ta da yawan magana. Abin da aka san ta da shi randa ce a bakin shagonta, da moɗa a kan murfi. Kowa ya zo ya sha, har masu suya na tsallaken titi.

Ni na shigo benen ne a shekarun matsin tattalin arziki da ake ce wa la crise, bayan an sallame mu daga ofis. Na ajiye tafireta a wani lungu kusa da ita ina buga wa mutane takardu. Mu mata muna da yawa a wurin: masu ɗinki, mai kitso, mai sayar da atamfa. Banɗaki ɗaya ne a bayan gidan, na kowa da kowa. Ba shi da kyau, amma yana nan.

Da aka zabge albashi, kowane ma'aikaci ya koma neman shago. Alhaji ya duba gidansa bai ga sauran wuri ba, sai idonsa ya faɗa kan banɗakin. Aka cike ramin, aka daɓe da siminti, aka shafa fenti, aka ba wani mai takalman gwanjo haya. Na tambayi Garga, mai kula da gidan, inda za mu riƙa zuwa.

"On va voir, Madam," in ji shi, wato za mu gani. A Yaoundé in aka ce maka haka, ka tafi gida ka kwanta.

Maza ba su ji komai ba. Su ɗauki buta su tafi na masallaci, ko su juya wa duniya baya a bakin kwata. Akwai wani banɗakin a sama, amma makullinsa yana aljihun Alhaji. Mu kuwa muka fara shiga gidajen unguwa muna sallama. Yau a karɓe ka da fara'a, gobe a ce ramin ya kusa cika, jibi a ce akwai mutum a ciki. Ban ga laifinsu ba. Sai mata suka samo dabarar da ta fi kowace muni: suka daina shan ruwa. Daga safe har magariba, a cikin zafin dutsen guga da hayaƙin gawayi. Jaratu ta kife randarta, don ta ce ba za ta iya kallon ruwa tana jin ƙishi ba.

Babu wadda ta je wajen Alhaji. Yaya mace za ta tsaya gaban dattijo, sa'an mahaifinta, ta ambaci fitsari? An koya mana wannan kunyar tun kafin a koya mana alwala.

Wata rana Alhaji ya dawo daga Umara, ya bi shaguna yana raba ruwan zamzam a ɗan kofi. Ya miƙa wa Jaratu. Ta sunkuyar da kai.

"Useko, na gode, Baba. Ina azumi."

"A ranar Talata? Masha Allah."

Mai kitso ta ji, ita ma ta ce tana azumi. Mai atamfa ma haka. Alhaji ya tafi yana murna. Kafin Juma'a labari ya kai ƙofar masallaci cewa matan benensa sun fi na ko'ina ibada, kuma albarkar gidan ce.

Jaratu ba ta son ƙarya. Ta ce mini, "Yaya Hadija, tunda na faɗa, kuma ba na sha, gara in ɗaura niyya in sami lada." Daga nan ta mai da shi azumin gaske, kusan kullum. Na ce mata Allah bai ɗora mata ba, Alhaji ne ya ɗora mata. Ta yi dariya ta ci gaba da taka keke.

Damina ta wuce, wata ta zo. Jaratu ta fara dafe ƙugu in za ta tashi. Leɓenta ya tsattsage, idonta ya faɗa. Ta ce basir ne, ta sha saƙe-saƙi. Ranar da ta durƙushe a kan ƙyallaye tana cizon mayafi, ni na sa ta a tasi. A asibiti aka ce tsakuwa ce a ƙoda, ga ciwon mara da ya daɗe yana cinta. Nas ɗin ta yi mata faɗa da Faransanci, na fassara: ta sha ruwa da yawa, kuma kada ta sake riƙe fitsari, in tana son ƙodarta.

"To a ina?" in ji Jaratu. Nas ɗin ba ta gane tambayar ba.

Da ta ji sauƙi ta dawo shago, don 'ya'ya ba sa cin hutu. Na iske ta ta wanke randar, ta cika ta. Bayan azahar Alhaji ya dawo daga masallaci da jama'arsa, ya tsaya yi mata sannu.

"Jaratu, yaya jiki? Ki rage azumin nan. Allah ba ya son a wahalar da rai."

Ta buɗe randa, ta cika moɗa, ta shanye a tsaye yana kallo. Ta ƙara, ta shanye. Ta goge baki da gefen mayafi.

"Baba, na sha. Yanzu ina zan kai shi?"

Wani tela ya tuntsire da dariya, ya mai da ita tari. Garga ya ce, "Ke Jaratu, da Alhaji kike."

"Na san da wanda nake. Baba, ba azumi muke ba. Banɗaki ne ba mu da shi. Ka cike shi ka zuba takalma."

Muryarta ba ta tashi ba. Alhaji ya gyara babbar rigarsa ya hau sama.

Abin da ya ƙona masa rai ba ciwonta ba ne, maganar a gaban mutane ce. A ƙarshen wata Garga ya zo, yana kallon ƙasa, ya ce Alhaji yana buƙatar shagon, wani ɗan'uwansa zai zo daga arewa. Mazan benen, waɗanda suka sha ruwan randarta shekara da shekaru, suka ce ai ita ma ta yi rashin kunya, da ta aika wani ya faɗa masa a asirce. Wa? Duk suna ganinmu muna bushewa, babu wanda ya tambaya.

Maganar dai ta riga ta fita, kuma Briqueterie ba ta riƙe magana. Masu suya suka fara tambayar Garga ko shi ma yana azumi. Ba a daɗe ba aka haƙa rami a bayan gidan, aka kewaye da kwano, aka ce na mata ne. Aka yi wa Alhaji addu'a a kan wannan aikin alheri. Na ji da kunnena.

Jaratu ta kwashe kekenta a baro zuwa Nkomkana. Ta koma ɗinki a tsakar gida, rabin masu kawo mata aiki ba su bi ta ba, hawan tudun ya yi musu yawa. Ƙugun bai daina damunta ba har tsufanta. Randar ta bar mana ita. Ranar da za ta tafi na ce ta zo ta ga sabon banɗakin, tunda nata ne.

"Yana da ƙofa?"

"Buhu aka rataya."

"To ku sha ruwa," in ji ta, ta bi mai baro.